Amsar tambaya kan sauke fim da waƙa daga intanet

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Wannan amsa ce ga tambayar da ƙaninmu ya ajiye a zauren nan jiya da daddare, inda yake cewa idan ya tarar da fim ko waƙa a wani shafi kyauta, ya sauke a wayarsa don ya kalla shi kaɗai, ba da niyyar sayarwa ba, shin ya taka doka? Na ga rubutu ba zai ɗauke ta ba, shi ya sa na yi murya, sai ku yi haƙuri da tsawonta.

Ƙanina, don an bar abu a intanet ba a nemi ko sisi a wurinka ba, hakan ba ya nufin ba shi da mai shi. Haƙƙin mallaka yana hawa kan aiki tun ranar da aka rubuta shi ko aka naɗe shi, ba sai an yi masa rajista ba, ba kuma sai an buga masa 'yar alamar nan ta harafin C a cikin da'ira (©) ba. Tushen wannan ƙa'ida shi ne yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda ƙasashe fiye da 180 suka shiga. Ita ce ta ce kariyar littafi ba za ta gaza tsawon rayuwar marubucinsa da ƙarin shekara 50 bayan rasuwarsa ba, ƙasashe da dama kuma, irin su Amurka da Ingila da Najeriya, sun kai nasu shekara 70. Saukewa kuwa kwafi ce, domin da zarar ka danna, wayarka ta samar da wani sabo, alhali ikon yin kwafi a hannun mai aikin doka ta bar shi.

Hukuncin wanda ya sauke don amfanin kansa kaɗai ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Suwizalan ta yi sassauci, ba ta ɗaukar hakan laifi ga fim da waƙa. Japan kuwa tun 2012 ta tanadi ɗaurin da ka iya kai shekara 2 ga wanda ya sauke yana sane da cewa an ɗora abin ne ba da izini ba. Kotun Tarayyar Turai ma a 2014 ta yanke cewa damar yin kwafi don amfanin kai ba ta shafi abin da aka ɗauko daga haramtacciyar kafa ba. Gaskiya ne ba kasafai ake kai irin wannan mutum kotu ba, amma rashin kamu daban, halacci daban.

Abin da ya fi damuna, wanda kuma tambayarka ba ta taɓo ba, shi ne rabawa, domin a nan ne doka ta fi kaifi kusan a ko'ina. Duba waɗanda aka fi yi wa dirar mikiya: Napster, manhajar musayar waƙoƙi da aka buɗe a 1999, shari'a ta durƙusar da shi a 2001, mutum huɗu da ke da hannu a shafin Pirate Bay wata kotu a Suwidin ta yanke wa kowannensu ɗaurin shekara guda a 2009, Megaupload kuma, shafin ajiye fayiloli da rabawa, hukumomin Amurka suka rufe shi a Janairun 2012. Dukkansu a kan yaɗawa aka kama su.

To, mutum yana iya zama mai rabawa bai ma sani ba. Duk wanda ya taɓa buɗe manhajar torrent, wato wadda masu saukewa ke karɓar fayil gutsure-gutsure daga na'urorin juna, ya ga kibiyoyi guda biyu, ɗaya ta kalli ƙasa, ɗaya ta kalli sama, kowace da lamba tana motsi a gefenta. Idonka yana kan ta ƙasan kana jiran fim ya cika, ita kuwa ta saman tana ƙirga gutsattsarin da na'urarka ke miƙa wa wasu a daidai wannan lokaci, kuma duk wanda ke cikin layin yana ganin lambar adireshinka na intanet. Ta wannan hanya ce lauyoyin kamfanonin fim a Jamus suke gano mutane, su aika musu takardar gargaɗi da neman diyya har gida.

Haka nan maɓallin turawa da muke dannawa kullum. Zauren WhatsApp ɗaya yana ɗaukar mutum 1,024, don haka wanda ya jefa cikakken littafi ko fim a ciki, a idon doka ya raba kwafi ne, ko da bai karɓi komai ba. Rubuta "haƙƙi na mai shi ne" a ƙarƙashinsa kuma ba ya wanke kowa, hasali ma shaida ce cewa ka san ba naka ba ne. Ambaton suna ladabi ne mai kyau, amma ba ya zama izini.

Maɓallin saukewa da ke cikin Netflix ko Spotify halal ne, sai dai lasisi aka ba ka, ba mallaka ba, shi ya sa abin yake zaune a cikin manhajar, ya kuma rufe idan kuɗinka ya ƙare. Amfani da wata manhaja ta waje wajen zaro bidiyo daga YouTube kuwa ya saɓa wa sharuɗɗan da ka amince da su, ko da ba ka karanta ba, kamar yawancinmu.

Akwai abubuwan da za ka sauke hankali kwance. Ayyukan da wa'adinsu ya cika sun zama na kowa, kuma Project Gutenberg, ɗakin karatu na intanet da aka fara a 1971, yana da irin waɗannan littattafai fiye da 70,000, sai dai yana bin lissafin dokar Amurka ne, don haka ka gwada da na ƙasar da kake. Sannan akwai masu sakin aikinsu da lasisin Creative Commons, wato izinin da mai aiki ke bai wa kowa bisa wasu sharuɗɗa, inda za ka ga haruffa a jiki: BY na nufin ka ambaci mai shi, NC na nufin ban da kasuwanci, ND kuma kada ka sauya komai. Idan ka ga waɗannan, ka bi sharaɗin ka sauke, ka ma turo mana a zauren. Wassalamu alaikum.