Ku Tambaya Mu Amsa: Gidajen Jinya Uku, Wanne Zan Kai Hajiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune a Birmingham ta ƙasar Ingila. Mahaifiyarmu mai shekara 78 ta samu shanyewar ɓarin jiki na dama, tana asibiti, kuma sun fara maganar sallama. Ba ta iya juyawa sai an juya ta, ko ruwa ta sha takan ƙware. Ni da maigidana duk muna aiki, gidanmu kuma bene ne. An ba ni sunayen gidajen kula da tsofaffi uku a kusa da mu, kowanne ya yi kyau a hoto. Yaya zan gane na gari? Ga yayyena na gida suna cewa zan yar da uwa.
Wata 'yar'uwa, Birmingham.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya sa kaffara ce, ke kuma Ya saka miki da alheri. Ki gaya wa yayyenki cewa wanda ba ya iya juya kansa yana bukatar mutum biyu su juya shi dare da rana, in ba haka ba fatarsa ta ɓule cikin 'yan kwanaki. A gida akwai hannu da yawa, a nan babu. Ki sa su cikin shawara, ki nuna musu ɗakunan ta bidiyo.

Kafin kwatance, ki tabbatar gidajen uku iri ɗaya ne. A Ingila akwai gidan da ke taimakawa da wanka, sutura, abinci da ba da magani kawai, akwai kuma gidan jinya, wanda dole a samu nas mai rajista a cikinsa awa 24. Mai matsalar haɗiya da rashin motsi irin Hajiya galibi na biyun take bukata. Amma kada ki yanke da ka. Dokar kulawa ta 2014 ta wajabta wa ƙaramar hukuma ta auna bukatunta kyauta, ko da kuɗi ko babu. Ki kuma tambayi asibiti ko ta cancanci kulawar farfaɗowa ta wucin gadi, wadda ake yi kyauta har mako 6. Idan ta samu, kin samu sararin dubawa a natse.

Daga nan ki buɗe shafin CQC, hukumar da ke sa ido a kan gidajen nan tun 2009. Tana auna abu biyar: tsaro, ingancin aiki, tausayi, biyan bukatar mazauni da shugabanci. Matsayi huɗu take bayarwa: ya yi fice, mai kyau, yana bukatar gyara, ya gaza. Yawancin gidaje "mai kyau" suke samu, don haka wannan kalma kaɗai ba za ta raba miki gardama ba. Ki duba kwanan watan binciken, domin wani rahoton ya shekara uku ko fiye, an canja manaja, wani lokaci har an sayar da gidan. Ki karanta sashen tsaro da na shugabanci layi-layi. In kin ga an ambaci kuskuren ba da magani ko ƙarancin ma'aikata, ki rubuta, ki tambayi manaja me aka gyara.

Abin da ya fi raba gida da gida shi ne ma'aikata, kuma nan muke so ki daɗe. Dokar Ingila ba ta ƙayyade adadi ba, ta ce dai a samu "isassu", saboda haka ke za ki yi lissafi. Kada ki tambayi yawan ma'aikatan gidan gaba ɗaya. Ki ce: a hawan da Hajiya za ta zauna, mazauna nawa ne, masu kulawa nawa ke kwana, nas nawa, kuma mazauna nawa ne sai mutum biyu ke juya su? A misali, a ce mazauna 20, masu kulawa biyu da dare, mutum 8 na bukatar juyi. Kowane juyi da canjin kunzugu ya ci minti 10, zagaye ɗaya minti 80 ke nan, kuma duk tsawon wannan lokaci babu mai amsa ƙararrawar sauran 12. A irin wannan gida ake tsallake juyin tsakar dare, a cike takarda da asuba. Ki tambayi kuma nawa ne ma'aikatan haya da ake ɗaukowa daga kamfani na kwana ɗaya ko biyu. Ba miyagu ba ne, amma ba su san Hajiya ba, kuma baƙon da bai san ruwanta sai an kaurara shi ba shi zai miƙa mata kofin shayi tsararo. Manajan da ya shekara biyar a kujerarsa alama ce mai kyau. Gidan da ya yi manaja uku cikin shekara biyu, ki yi hattara da shi komai kyan labulensa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Kowane gida ki je sau biyu. Na farko da alƙawari, don ki zauna da manaja. Na biyu ba sanarwa, lokacin abincin rana ko yammacin Lahadi, sa'ad da manya ba sa nan. Ki wuce falon baƙi ki shiga lungunan ɗakuna. Wari mai zuwa ya wuce ba laifi ba ne, zarnin da ya kama kafet da kujeru shi ne shaidar ana barin mutane a jiƙe. In ƙararrawa ta yi ƙara, ki duba agogo ki ga minti nawa kafin a amsa. Ki dubi na kwance: igiyar ƙararrawa da kofin ruwa suna inda hannu zai kai? Ga Hajiya sai a ɓangaren hagu, in an ajiye a dama daidai yake da babu. Ki kalli farce, leɓe da haƙora. A wurin cin abinci, mai ciyarwa a zaune take daidai fuskar mutum tana jira ya haɗiye, ko a tsaye take tana ɗura wa biyu a lokaci guda? In kin tarar da rabin mazauna suna gyangyaɗi da hantsi, ki tambayi sau nawa likita ke sake duba magungunansu.

Abu biyu ne suka fi cin masu shanyewar jiki a gidajen nan. Na farko gyambon kwanciya, wanda ke fitowa a ƙashin gindi, ɗuwawu, kwatangwalo da dunduniya. Mai haɗari sosai ana juya shi aƙalla kowane awa 4, wasu kowane awa 2, a kan katifar iska. Ga inda ya shafe mu kai tsaye: an koya wa ma'aikata da yawa su nemi jan fata, a baƙar fata kuwa ja ba ya nunawa. Alamar farko a wurinmu ita ce wurin ya ƙara duhu ko ya yi shuɗi-shuɗi, ya yi ɗumi ko tauri ko kumburi fiye da gefensa. Ki tambayi nas ɗin kai tsaye yadda take gane gyambo a baƙar fata. In ta ce da taɓawa take ji, tana kwatanta ɓangare da ɓangare a haske mai kyau, ta san aikinta.

Na biyu haɗiya. Abin da ya ƙware mutum ya gangara huhu shi ke kawo ciwon huhu. Ƙwararren magana da haɗiya na asibiti zai rubuta matakin kaurin da ya dace da ita a ma'aunin da ke tafiya daga 0 zuwa 7. Ki tambayi ina ake rubuta shi, kuma mai girki ya sani? A ciyar da ita a zaune, bayanta a miƙe, a bar ta haka kamar rabin awa, a wanke mata baki. Ke ma kada ki kawo tuwo, nama ko koko sai kin nuna wa ƙwararren, don tuwo yana liƙewa a maƙogwaro. A riƙa auna nauyinta duk wata. In ta rage kashi 5 cikin 100 ko fiye a wata 3 zuwa 6, a nemi masanin abinci. Gashin ƙashi kuma kada ki ɗauka yana cikin kuɗin gida, sau da yawa daga NHS, wato hukumar lafiya ta ƙasa, yake zuwa.

Batun addini ki sa a rubuta cikin tsarin kulawarta, alƙawarin baki yana tafiya da wanda ya yi shi. Mace ta yi mata wanka da tsarki, har da dare. Naman halal daga ina ake sayowa, ko kifi da ganye za a yi ta ba ta? A taimaka mata da alwala ko taimama. Idan Turancinta kaɗan ne, ki liƙa takardar kalmomi a bango: ruwa, zafi, fitsari, sanyi. A rubuta kuma wanda za a kira in ta Allah ta kasance, da cewa iyali ne za su yi wanka.

Kuɗi kuwa, ki fara neman a duba ko ta cancanci cikakkiyar kulawar NHS mai ɗorewa, wadda ke biyan komai idan bukatar lafiya ce ta rinjaya. In ba ta samu ba, NHS na biyan gidan jinya fiye da fam 200 a mako na aikin nas. Mai dukiyar da ta haura fam 23,250 shi ke biyan sauran, ƙasa da haka ƙaramar hukuma ke shigowa, kuma dole ta nuna miki aƙalla gida ɗaya da ba sai dangi sun yi ciko ba. Wannan ga mai takardar zama ne, mai bizar ziyara ya nemi lauya. A yarjejeniya ki duba ƙarin kuɗin shekara da wa'adin sanarwar tashi, kuma kada ki sa hannu a matsayin mai tsaya mata sai kin san abin da kika ɗauka. In hankalinta na nan daram, ku yi takardar wakilci ta shari'a tun yanzu.

Idan biyu sun zo kunnen doki, ki ɗauki wanda ya fi kusa da gidanki. Wanda ake leƙawa kullum ba a cika yi masa sakaci ba.

TAMBAYA: Ni a Amurka nake. Gidan da muke so mu kai Baba yana da tauraro biyar. Ya wadatar?
Wani ɗan'uwa, Maryland.

AMSA: Allah Ya ƙara wa Baba sauƙi, Malam. Bai wadatar ba. Taurarin da ke shafin Medicare, wato inshorar lafiyar gwamnati ta tsofaffi, haɗin abu uku ne: binciken jami'an lafiya, yawan ma'aikata, da alƙaluman ingancin kulawa. Na ukun galibi gidan ne ke kai rahoton kansa, don haka ka fi ba na farko da na biyu nauyi. Ka duba awannin nas a ƙarshen mako da yawan masu barin aiki a shekara, duk suna shafin. Ka kira jami'in sauraron koken mazauna gidajen jinya, kowace jiha tana da shi kuma kyauta ne. Ka kuma sani Medicare ba ya biyan zaman dindindin. A tsarinsa na asali, bayan kwanciyar asibiti ta kwana 3 yana biya har kwana 100, kwana 20 na farko gaba ɗaya, sauran da cikon aljihu. Saboda haka ka tambaya tun kafin shiga ko gidan yana karɓar Medicaid, wato tallafin lafiyar gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, kuma ko Baba zai ci gaba da zama a gadonsa idan biya ya koma can.