Jiragen roba ashirin a kan maganar taubashi

Wani ɗan kasuwa a Yamai, mai sayar da injunan ban ruwa a kasuwar Katako, ya rubuto yana neman shawara. Ya ce wani kamfani a ƙasar Sin mai ƙera jiragen ruwa na roba, irin waɗanda ake hura wa iska, ya yarda ya naɗa shi wakilinsa a Nijar idan ya ɗauki guda 20 a tashin farko, kowanne a kan jaka 600 na sefa. Taubashinsa da ke aiki a wata ma'aikata ya tabbatar masa da baki cewa da zarar ambaliya ta zo za a saye su duka a kan ninki biyu. Rabin kuɗin kuma bashi ne zai karɓa daga yayansa.

Alhaji, buƙatar da ka hango gaskiya ce. Duk wanda ya ga yadda kogin Isa ya kai santimita 700 a Yamai a watan Satumba na 2020, ruwa ya mamaye Lamorde da Kirkisoye da Saga, ya san masu aikin ceto suna buƙatar jirgi mara nauyi da za a ɗora a bayan mota a kai shi inda ake so. Matsalarka ita ce za ka zuba miliyan 12, ban da kuɗin dako da na duwan, alhali ba ka riƙe da komai sai maganar mutumin da ba shi ke sa hannu a takarda ba. Wannan cinikin biri ne a sama.

Ma'aikata ba ta sayen kaya da baki. Sai an ware kuɗin a kasafi, a yi kiran 'yan kwangila, a duba rajistar kasuwancinka da lambar harajinka, sannan a fitar da takardar oda, kuma ko bayan an karɓi kayan biya yakan ɗauki watanni. Taubashinka yana iya nufinka da alheri, amma idan aka canza masa wurin aiki gobe, wa za ka kama? Kuma ba za ka iya kai shi ƙara ba, ba tare da ka raba gidanku biyu ba. Na san wani da ya shigo da tantuna cike da kwantena a kan irin wannan alkawari na surukinsa. Aka ba wani kwangilar, ya ƙare yana sayar da su ɗaiɗai ga masu hayar kujerun biki, ƙasa da yadda ya saya.

Shi ma gara shi, domin tanti yana jure ajiya. A wannan farashi, mai yiwuwa jiragenka na robar PVC ne, wadda zafin rana ke busarwa har ta yi tauri, gam ɗin da ya haɗa ta kuma yana saki idan ta daɗe a naɗe cikin ɗakin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40. Masu aikin ceto sun fi neman na robar Hypalon, irin wanda kamfanin Zodiac na Faransa ke yi wa sojoji da 'yan kwana-kwana, kuma ya fi tsada nesa ba kusa ba. Ke nan ko an yi kiran kwangilar, ana iya rubuta sharaɗin da zai fitar da kayanka tun daga shafin farko. Ka kuma tuna bayan da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya sun koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, don haka kwantenar da aka yi oda a Yuni tana iya isowa bayan ruwa ya janye.

Kada ka sa rai masunta za su rage maka kayan. Mai kwale-kwalen katako a Gamkalle ko Bubon yana gyara abinsa da ƙusa da kwalta, ba zai sa dukiyarsa a robar da ƙugiya ɗaya ke hudawa ba, balle a ruwan da dorina ke yawo. Batun ninki biyu kuwa, ban ga dalilin ɓata tawada a kansa ba.

Idan har zuciyarka na kan sana'ar, ka sayi guda biyu da kuɗinka, ba da na yayanka ba, tare da famfo da gam da ƙyallen faci, ka koya wa yaro ɗaya gyara. Ka gwada su a kogi a gaban jami'an kare farar hula da ƙungiyoyin agaji da masu otal na bakin ruwa. Sauran 18 ɗin su zauna a masana'anta har sai ka ga takardar oda mai hatimi da kashi 30 cikin 100 na kafin alƙalami. Idan kamfanin ya ce ba wakilci sai da ashirin, ka nemi wani, masu ƙera irin wannan jirgi a Sin suna da yawa. Taubashinka kuma ka tambaye shi sunan ofishin da zai fitar da odar da kuma layin kasafin da za a biya daga ciki.