Likita na amsawa: kududdufan kuza, fitsarin jini da tarihin Jankwano

Wasiƙun wannan makon daga Jos da kewaye suke, kuma kusan kowace da "kakata ta ce" ko "Baba ya ce" ta fara.

Tambaya: Likita, da gaske sanyin Jos ne ke kawo nimoniya? (Wata uwa, Unguwar Rogo)

Amsa: A'a Hajiya, ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta. A lulluɓe yara, a kammala musu allurar rigakafi. Abin da na fi tsoro da hunturu shi ne kaskon gawayi a ɗaki a rufe: iskar da yake fitarwa ba launi ba wari, tana kashe mutane cikin barci. In yaro na numfashi da sauri, ƙirjinsa na lotsawa, a kai shi asibiti a ranar.

Tambaya: Kakata ta dage a Jos aka fara zazzaɓin Lassa, a Jankwano. To me ya sa ba a ce zazzaɓin Jos ba? (Ɗalibi, Gangare)

Amsa: Kakarka ba ta yi kuskure sosai ba. Lassa gari ne a jihar Borno ta yanzu. A farkon 1969 wata ma'aikaciyar jinya 'yar mishan ta kamu a can, aka kawo ta asibitin mishan na Jos da muke kira Jankwano, nan ta rasu. Masu jinyarta biyu suka kamu, ɗaya ta rasu, ɗayar aka kai ta Amurka ta rayu, a can aka gano ƙwayar cutar aka sa mata sunan garin farko. A 1970 cutar ta sake ɓarkewa a Jos, har ta ɗauki ran Dakta Jeanette Troup, wadda ta yanke a hannu tana binciken gawa. Wannan firgicin kakarka ke tunawa. Ɓera ke ɗauke da ita har yau, don haka a rufe abinci, a daina shanya hatsi a ƙasa. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya bayan kwana uku, asibiti.

Tambaya: Ɗana mai shekara 11 yana ganin jini a ƙarshen fitsari, wata uku ke nan. Mahaifina ya ce a ƙyale shi, su ma duk sun yi lokacin da suke iyo a ramukan kuza, alamar zama namiji ce. Ana ba shi jiƙon kanwa da kafso. (Wani uba, Bukuru)

Amsa: Malam, wannan wasiƙar ta hana ni sukuni. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, gaskiya ya faɗa cewa duk sun yi. Amma abin da ya haɗa su ruwan ne, ba girma ba.

Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa suka yi ta haƙar kuza a tudun nan. Da harkar ta durƙushe suka tattara suka tafi, ramukan suka cika da ruwa, daga Bukuru har Barikin Ladi. Yau nan ake wanki, nan ake ban ruwan kabeji da karas da dankali, nan yara ke iyo. Kuma irin wannan ruwa mai kwance shi ne gidan ƙananan dodon koɗin da ke rainon tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini.

Ga yadda take tafiya. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe su shiga dodon koɗi, su fito da yawa su huda fatar duk wanda ya shiga. Ba sai an sha ruwan ba. Tsutsar ta zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara shekaru tana zuba ƙwai, ƙwan na yaga bangon mafitsara. Wannan shi ne ɗigon jinin da ɗanka ke gani. Ciwo ne a ciki, Malam. Ba tsallake fitsari ya yi ba, ba sammu ba ne.

Na sha buɗe idon irin waɗannan yara in ga fatar cikin fari fat, malaminsu na cewa ba sa gane karatu, alhali jini ne ke tsiyaya kullum. In aka bar ta, jinin kan ɗauke da kansa a ɗauka an warke, amma ɓarnar na ci gaba: hanyar fitsari ta toshe, ƙoda ta kumbura, wasu a ƙarshe sankarar mafitsara. 'Yan mata ma suna kamuwa, kunya ke hana su faɗa, kuma takan taɓa mahaifa.

Maganar kanwa da kafso kuwa, wallahi ta ishe ni! Kanwa ba ta kashe tsutsar nan, kafso na kyamis ba ya taɓa ta, sai dai a wahalar da cikin yaro da ƙodarsa. A tsayar yau. Ku kai shi asibiti a gwada fitsari. Maganin sunansa praziquantel, a rana ɗaya ake sha bayan an ci abinci, gwargwadon nauyin yaro, shi ya sa ba na son a saya a ƙiyasta a gida. In ana rabawa a makaranta kada ku hana. Sai dai ba rigakafi ba ne, in ya koma ramin zai sake ɗauka, ga haɗarin nutsewa, don ramukan nan zurfi gare su. In dole sai ruwan za a ɗebo na wanka, a bar shi ya kwana biyu a mazubi. Masu noman rani su sa takalmin roba dogo. A gwada ƙannensa da abokan iyonsa. Shi ma Baba ku lallaɓa shi ya je a duba mafitsararsa, musamman in ya sake ganin jini da girmansa. Kada ku jira ƙarshen wata.

Tambaya: Mahaifinmu tsohon leburan kuza ne, tari ya ƙi sakinsa, yana ramewa. Ya ce ƙurar da ce. (Wata 'ya, Dilimi)

Amsa: Ƙurar dutse na iya lalata huhu, kuma irin wannan huhun ya fi saurin kama tarin fuka. Tarin da ya wuce mako biyu a kai majina gwaji, a ɗauki hoton ƙirji. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ku kai shi cikin makon nan, ku bar tagar ɗakinsa a buɗe da rana, jikoki ƙanana kuma su daina kwana tare da shi sai sakamako ya fito.