Janar Gowon da yaƙin basasa: me ya sa ra'ayin jama'a ya rabu a kansa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifina tsohon soja ne da ya yi yaƙin basasa, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa ambaton Janar Yakubu Gowon ba sai da yabo. Amma da na je bautar ƙasa a Inugu na ji ana faɗin maganganu masu zafi a kansa, har wasu na cewa shi ya kashe musu 'ya'ya da yunwa. Tsakanin mahaifina da mutanen nan, wa ke da gaskiya? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Abin da nake gani, ɗan'uwa, shi ne mahaifinka yana magana ne a kan halin mutumin, su kuwa mutanen Inugu suna magana ne a kan abin da ya same su a ƙarƙashin mulkinsa, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da ba za a iya turewa ba.

Gowon ya hau mulki ranar 1 ga Agusta, 1966, yana da shekara 31, bayan juyin mulki biyu a cikin wata bakwai. Ɗan ƙabilar Angas ne daga Filato, Kirista, wanda ya tashi a Wusasa ya yi karatu a Kwalejin Barewa, saboda haka Hausa a bakinsa take, kuma wannan ya sa manyan ƙabilu da ƙananansu a Arewa suka ga za su iya zama da shi. Waɗanda suka yi aiki da shi, har da abokan hamayyarsa, sun yi ittifaƙi cewa mutum ne mai sauƙin kai, mai haƙuri, wanda ba ya riƙe mutum a zuciya. Da yaƙi ya ɓarke ranar 6 ga Yuli, 1967, bayan Ojukwu, gwamnan soja na yankin Gabas, ya ayyana ƙasar Biyafara a ranar 30 ga Mayu, Gowon ya raba wa dakaru takardar ƙa'idojin yaƙi wadda ta hana taɓa mata da yara da asibitoci da wuraren ibada, ta kuma umarci a kyautata wa wanda ya miƙa wuya. A 1968 ya gayyato 'yan sa ido daga Birtaniya da Kanada da Suwidin da Folan, tare da wakilan Majalisar Ɗinkin Duniya da na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, waɗanda suka ba da rahoton cewa ba su ga shirin ƙare dangi ba, ko da yake ɓangaren gwamnatin tarayya kaɗai suka kewaya.

Babbar hujjar masu yabonsa ita ce yadda ya rufe yaƙin. Ranar 15 ga Janairu, 1970, Philip Effiong, mataimakin Ojukwu, ya zo Barikin Dodan a Legas ya miƙa wuya, Gowon kuwa ya rungume shi a gaban jama'a, ya ce babu wanda ya ci nasara kuma babu wanda aka ci. A lokacin duniya ta zuba ido tana jiran a yi wa Ibo yankan rago, amma hakan bai faru ba. An yi afuwa ga jama'a, an tsare wasu hafsoshi, an sallami wasu, an mayar da wasu bakin aiki, kuma ba a tsayar da jagororin Biyafara a gaban bindiga ba. Duk wanda ya san yadda yaƙe-yaƙen basasa ke ƙarewa a wasu ƙasashe ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ina ganin daga halin Gowon ya fito. Ita kanta bautar ƙasar da ta kai ka Inugu, shi ya kafa ta a 1973 domin ɗinke wannan ɓaraka.

To amma wanda ya ji zafin wuta ba ya auna ta da niyyar mai hura ta. Tun kafin yaƙi, a watannin Satumba da Oktoba na 1966, an kashe dubban Ibo a garuruwan Arewa, har da hannun wasu sojoji, Gowon yana kan mulki bai iya tsayar da abin ba, kuma wajibi ne mu 'yan Arewa mu faɗi wannan ba tare da noƙe-noƙe ba. Sai kuma Asaba. Ranar 7 ga Oktoba, 1967, mutanen garin suka fito cikin fararen tufafi suna rawa suna kiran Nijeriya ɗaya domin su nuna biyayya ga dakarun tarayya, sai aka ware maza daga mata aka buɗe musu wuta, ɗaruruwa suka mutu. Sojojin Runduna ta Biyu ne, wadda Murtala Muhammad ke jagoranta, kuma ba a taɓa gurfanar da kowa a kan wannan kisa ba. A nan ne nake ganin laifin Gowon ya fi fitowa fili: sauƙin kan da ake yaba masa shi ne ya hana shi danne manyan kwamandojinsa, waɗanda kowannensu ke tafiyar da rundunarsa kamar daularsa. Benjamin Adekunle, kwamandan Runduna ta Uku, wanda ya yi ƙaurin suna wajen zafin kai, sai a watan Mayu na 1969 aka sauke shi aka ba Obasanjo rundunar.

Maganar yunwa ita ce ta fi nauyi. Gwamnatin tarayya ta toshe Biyafara ta ruwa da ta ƙasa, ta canza takardun kuɗi a Janairun 1968, kuma da Fatakwal ta faɗi a watan Mayu na wannan shekara sai yankin ya rasa hanyar teku gaba ɗaya. Kifi da gishiri da nama suka yanke, yara suka kumbura, gashinsu ya yi ja, ƙafafunsu suka zama kamar sillen kara. Ƙididdigar waɗanda suka mutu ta saɓa ƙwarai, daga rabin miliyan zuwa miliyan biyu ko fiye, akasarinsu fararen hula. Gaskiya ne gwamnatin tarayya ta yi tayin buɗe hanyar kai abinci ta ƙasa, Ojukwu ya ƙi, yana cewa za a sa guba ko a bi hanyar a kawo hari, ya kuma nace a kan jiragen dare zuwa filin jirgin sama na Uli, inda makamai ke shiga tare da abinci. Saboda haka shi ma yana da kasonsa na alhaki. Amma wanda ya rufe ƙofar ba zai wanke hannunsa ba, musamman tunda a ranar 5 ga Yuni, 1969, jirgin yaƙin Nijeriya ya harbo jirgin agaji na Red Cross. Kimanin wata ɗaya da rabi kafin nan aka yi bikin auren Gowon a Legas, kuma har yau akwai waɗanda ba su manta cewa an yi shagali a lokacin da 'ya'yansu ke mutuwa ba. Bayan yaƙi kuma, wanda ya kai kuɗin Biyafara banki, komai yawansu, fam 20 aka ba shi, gidajen Ibo da yawa a Fatakwal kuwa aka ce dukiya ce da aka yi watsi da ita, ba a mayar musu ba.

Ka kuma lura cewa ko a Arewa ra'ayi bai tsaya wuri ɗaya ba. Mutanen da suka samu jihohinsu a rabon jihohi 12 na Mayun 1967 suna ganinsa a matsayin wanda ya 'yanta su. Amma da ya janye alkawarin miƙa mulki a jawabinsa na 1 ga Oktoba, 1974, ga kuma ƙorafin cin hanci a kan gwamnoninsa, farin jininsa ya dushe, har aka hamɓarar da shi ranar 29 ga Yuli, 1975, yana taro a Kampala, ba tare da an zubar da jini ba. Da aka kashe Murtala a Fabrairun 1976 aka zarge shi da hannu a yunƙurin juyin mulkin da Laftanar Kanar Dimka ya jagoranta, zargin da ya musanta, aka tuɓe masa muƙami, ya zauna a Ingila har Shugaba Shagari ya yi masa afuwa a 1981. Martabar dattijon ƙasa da ake ba shi yanzu daga baya ta ginu, a hankali.

Idan ka sake zama da abokanka na Inugu, ka tambaye su wa suka rasa da kuma a wane gari, ka saurara har su gama, sannan ka ba su labarin abin da mahaifinka ya gani a fagen daga.