Amsa kan toshe jijiyar mahaifa bayan haihuwa

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Anti, na saurari muryarki, kika ce ƙanwarki ta haihu jini ya ɓalle mata, likitoci suka ce sun toshe mata jijiyar mahaifa, yanzu hankalinku ya tashi wai ko shike nan ta gama haihuwa. To ki kwantar da hankalinki. Wannan aikin daban, ɗaure mahaifa daban. Hasali ma don kada a kai ga cire mahaifar ake yin sa.

Kin ga a ƙarshen ciki, jinin da ke bi ta mahaifa a minti ɗaya ya kai rabin lita ko ma fiye. Da mabiyiya ta faɗo, mahaifa ce ke dunƙulewa ta matse jijiyoyin nan da kanta. Idan ta saki ta ƙi dunƙulewa, ko an samu yagewa, ko guntun mabiyiya ya maƙale, sai jini ya yi ta zuba. Idan ya wuce mililita 500 a haihuwa da kai, ko 1000 a tiyata, mun san akwai matsala. Sai a murza ciki, a yi allurar oksitosin mai sa mahaifa ta dunƙule, a ba da maganin tsayar da jini, a yi ƙarin jini, wani lokaci a hura balan-balan a cikin mahaifar ya danne wurin. In duk ya ƙi, shi ne ake kiran likitan da ke aiki da hoton eksire.

Ba a yanka ciki fa. A matsematsi yake kashe wuri da allura, ya zura wani siririn bututu cikin jijiya, yana kallo a allo har ya kai jijiyar da ke shayar da mahaifa. Sai ya tura ruwan da ke fitowa a hoto. Wallahi ranar da na fara gani, sai da na riƙe baki: wurin da ke yoyo ya fito kamar baƙin hayaƙi yana bazuwa. Ya tura 'yan gutsattsarin wani soso mai laushi, ya sake ɗaukar hoto, hayaƙin nan ya ɓace.

Shi soson narkewa yake yi cikin 'yan makonni, jijiyar ta buɗe. Kafin nan ma mahaifa tana samun jini ta wasu hanyoyi, har da ta wajen ƙwai, shi ya sa ba ta mutuwa. Tun 1979 ake yin wannan aiki, kuma cikin mata goma, wajen tara jinin yana tsayawa. Yawancinsu al'ada na dawowa, da yawa sun sake haihuwa.

Amma ba kowa ake yi wa ba. Wadda jininta ya yi ƙasa sosai har tana suma, tiyata ake wucewa da ita kai tsaye, ba a jira.

Ita ƙanwar taki, ciwon mara da ɗan zazzaɓi na kwana biyu zuwa uku ba abin tsoro ba ne. Amma in jini ya dawo da gudaji, ko ruwa mai wari, ko ƙafar da aka huda ta kumbura ko ta yi sanyi, ku koma asibiti a daren, kada ku jira gari ya waye. In kuma Allah Ya ba ta wani cikin, ta faɗa musu tun awon farko, don jinin yana iya maimaitawa. Allah Ya raya abin da aka samu, ki gaishe min da mai jego.