Linux ɗin da ke matsayin baƙo a kan KVM bai gane mai masaukinsa ba

Ka ce ka girka Linux a matsayin baƙo (tsarin da ke gudana a cikin na'urar kwaikwayo) a kan QEMU da KVM, manhajojin da ke tafiyar da irin wannan na'ura, amma umarnin systemd-detect-virt, mai faɗin irin na'urar kwaikwayon da tsarin ke ciki, bai nuna kvm ba, kuma agogon baƙon yana gudu ko jinkiri. A ganina, matsalolin biyu tushensu ɗaya ne.

Tsarin baƙo yana gane cewa a cikin na'urar kwaikwayo yake ta hanyar CPUID, umarnin da ke tambayar processor bayanansa: yana duba bit na 31 na rijistar ECX a sashe na 1, sannan ya karanta sashen 0x40000000, inda KVM ke ajiye sa hannunta, wato KVMKVMKVM. Idan aka ɓoye ɗaya daga cikinsu, Linux ba zai ɗauki kvm-clock, agogon da KVM ke ba baƙo, ba, sai ya koma kan wani agogon da ba lallai ya daidaita ba.

Fara da umarnin dmesg a cikin baƙon, mai nuna saƙonnin kernel, ka nemi layin "Hypervisor detected: KVM". In babu shi, buɗe saitin na'urar da umarnin virsh edit a kan mai masaukin, ka nemi hidden state='on' a ƙarƙashin kvm, ko kvm=off da -hypervisor a layin -cpu na QEMU. Mutane da yawa sun kwafo wannan saitin ne daga tsofaffin bayanai na kauce wa kuskuren lamba 43 na katin NVIDIA a baƙon Windows, alhali tun direba mai lamba 465 na shekarar 2021 ba a bukatarsa.

Cire shi, sannan ka kashe na'urar gaba ɗaya ka sake kunna ta, domin sake tayarwa daga cikin baƙon ba ya ɗaukar sabon saitin.