Filin Tambayoyin Fim: Me ya sa fatalwar Turawa ba ta zama a birni?

Tambaya daga wani ɗalibi a Zariya: Malam, kusan duk fim ɗin ban tsoro na Turawa da na kalla labarinsu ɗaya ne. Miji da mata da 'ya'yansu sun tare a wani tsohon gida a bayan gari, kare ya ƙi shiga, ƙofa ta fara buɗe kanta da kanta. Fatalwarsu ba ta son birni ne? Kuma me ya hana su kwashe komatsansu su gudu?

Amsa: Ɗan'uwa, fatalwar ba ruwanta, aljihun furodusa ne ya kai ta ƙauye. Duk wanda ya taɓa zuwa lokeshan ya san abin da ke cinye kuɗi: yawan jarumai, kwasar kaya daga wannan wuri zuwa wancan, ciyar da jama'a, da korar 'yan kallo daga gaban kyamara. Gida ɗaya a daji ya raba ka da duk wannan. Mutum biyar, janareto, fitila biyu ko uku, shi ke nan. Duhu kyauta ne, ƙarar katako ma kyauta ce, kuma abin da ba a nuna maka ba ya fi wanda aka nuna tayar da tsikar jiki.

Duba The Evil Dead na 1981. Daraktansa Sam Raimi yana da shekara 20 ya tattara abokansa suka shiga wata bukkar katako kusa da Morristown a jihar Tennessee, kuɗin aikin duka bai kai dala 400,000 ba. Ba su da halin hayar na'urar da ke tafiya da kyamara, sai suka ɗaure ta a jikin falanki, mutum biyu suka riƙe gefe da gefe suna sheƙa gudu cikin itatuwa. Wannan gudun shi ne aljanin. Jinin kuwa ruwan zaƙin masara ne da kalar abinci. The Blair Witch Project na 1999 ya fi shi ƙeta: kwana 8 aka yi ana ɗauka a dajin Maryland da kuɗin da bai wuce 'yan gomomin dubban daloli ba, mayyar ko sau ɗaya ba a nuna ta ba, ya ƙare a wani kango, ya kuma tara kusan dala miliyan 250. Tun daga nan kowane yaro mai kyamara a Amurka ya shiga neman kango.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda ni ya fi burge ni. Manomin Amurka a tsakiyar gonarsa yake zama, shi kaɗai da iyalinsa. A yammacin ƙasar wata doka ta 1862 ta ƙara kafa wannan zama, domin eka 160 ta riƙa ba mutum bisa sharaɗin ya zauna a kanta shekara 5. Maƙwabci sai an hau mota a same shi. Idan matar gida ta kurma ihu da tsakar dare, babu mai ji. Kwatanta da ƙauyenmu, inda katanga ke jingine da katanga: kafin ta rufe baki maƙwabta sun tsallako danga, an taso liman, wata tsohuwa ta kunna turare. Da fim ɗin ya ƙare a minti goma. Shi ya sa namu tsoron yake zaune a kangon da aka ƙaurace wa, ko gindin tsamiya, ko tsohuwar rijiya, ba a gidan da ake kwana ba.

Maganar gudu kuwa, marubutan sun san za ka tambaya. Lura da kyau, kusan kullum a farkon fim za a ji maigidan ya ce duk abin da ya mallaka ya zuba a gidan nan, ko bashin banki ya ci. An saya da araha, to ga dalilin arahar ya fito da daddare. Talauci ne ya kulle ƙofar kafin fatalwa ta kulle ta.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Maraɗi: Idan sun rubuta cewa labarin gaskiya ne, da gaske suke?

Amsa: Malama, riƙe shi sako-sako. Na Blair Witch ƙarya ce tsagwaronta. Garin Burkittsville yana nan, amma tatsuniyar mayyar masu fim ɗin ne suka ƙaga ta, har suka baza a intanet cewa jaruman sun ɓace. The Conjuring na 2013, wanda shi ba ƙaramin fim ba ne tunda ya ci dala miliyan 20, yana da ɗan tushe: iyalin Perron da 'ya'yansu mata biyar sun tare a wani gidan gona a Harrisville ta jihar Rhode Island a 1971, kuma Ed da Lorraine Warren, mata da miji masu binciken fatalwa, sun ziyarce su. Sai dai a fim an yi ta ta ƙare cikin ɗan lokaci, alhali iyalin sun ci gaba da kwana a gidan har 1980. A jihar North Carolina ma aka ɗauki fim ɗin. Ni ban ce ba su ga komai ba, mun yi imani da aljanu. Abin da na ce shi ne, wanda ya rubuta wancan layin tikiti yake sayarwa.

Tambaya daga wani mai shagon tura finafinai a Jos: Indiyawa fa, suna da irin wannan?

Amsa: Sosai, Alhaji, kuma sun daɗe. 'Yan gidan Ramsay, 'yan'uwa bakwai, sun raba aikin a tsakaninsu, wannan darakta, wancan mai kyamara, wani mai sauti, wani marubuci. Da Do Gaz Zameen Ke Neeche suka kafu a 1972, sai Purana Mandir a 1984 ya cika sinimomi. Su nasu labarin tsohon gidan sarauta ne a ƙauye, da tsinuwar da aka gada daga kakanni, da dodon roba wanda yau zai ba ka dariya. Ba sa ɓoye dodo kamar Amurkawa, fito da shi suke yi fili. Kuma komai tsananin bala'in, sai an tsaya an yi waƙa kafin ya cinye mutum na gaba.